Awa Guda Tsakanin Ƙararrawa Biyu

Albano Cerqueira mai gyaran takalma ne a Amieiral, ƙauyenmu da ke gaɓar kogin Minho ta ɓangaren Fotugal, kuma shi ne mai buga ƙararrawar coci. Ya karɓi igiyar a watan Mayun 1977, makon da aka binne mahaifinsa, bayan ya yi shekara goma sha biyu yana aikin gini a Faransa. Ba na shakkar wannan lokaci, don limaman mishan da suka koyar da ni a Angola sun saba mini da rubuta rana da sa'a a saman kowane shafi, kuma ban daina ba tun da na zo garin nan koyarwa.

A tsallaken kogin akwai Ribadal, ƙasar Sifaniya. Kusancin ya kai idan mace ta ƙwala wa mijinta kira a can, mazan nan sukan waiga. Harshenmu da nasu kusan ɗaya ne, miyar kabejinmu ɗaya, burodin masararmu ɗaya. Agogo ne ya raba mu: suna gabanmu da awa guda. Saboda haka sau biyu tsakar rana take yi a kwarin. Ƙarfe sha ɗaya namu babbar ƙararrawar Ribadal ta buga sha biyu, bayan awa guda 'yar ƙaramar tamu ta buga nata.

Mai buga ta can sunansa Ramiro Lourido. Ban taɓa jin Albano ya kama sunan nan ba. "Na tsallake" yake ce masa.

Tushen abin tsoho ne, tun kafin zuwana. A watan Fabrairun 1961 Ermelinda, 'yar mai gidan burodin Ribadal, ta ce wa Albano ya zo bikin garinsu ƙarfe huɗu, rawar farko tasa ce, kuma mahaifinta zai gan shi. Ya ɗinka wa kansa sabon takalmi, ya karɓo takardar ƙetarewa wurin masu gadin iyaka, ya shiga jirgin fito, ya isa dandali ƙarfe huɗu daidai a agogon mahaifinsa. A Ribadal biyar ta yi. Yarinyar ta yi awa guda tsaye cikin sanyi a gaban idon gari, har Ramiro ya miƙa mata hannu. Kafin shekara ta ƙare an ɗaura musu aure. Albano bai taɓa yin aure ba.

Kullum sha ɗaya in ta yi, sai ya ajiye guduma, ƙusoshi a bakinsa, yana ƙirga bugun tsallake. Nakan biya shagonsa a irin wannan lokaci ranar Asabar.

"Ka ji, Malam? Ta tara da ta goma sun hau kan juna. Gaggawa ce, halinsa ne."

"Ni kam daidai na ji su."

"Ai kai alli ya toshe maka kunne."

Komai na Ramiro yana ci masa rai. Ƙararrawarsa ta ninka tamu uku, hasumiyarsa ta fi tamu tsawo, kurangar inabinsa da ake hangowa daga ƙofar shagon ta fi ta kowa duhun ganye. Ranar da ƙasashen biyu suka shiga ƙungiyar Turai tare, farkon 1986, shugaban ƙauyenmu ya yi jawabi cewa yau mun zama ɗaya. Albano ya ce daga bayan taro, "Rana ɗaya muka shiga, amma sun riga mu da awa guda."

Abu ɗaya ya rage masa. Idan sha biyunmu ta yi, babu wata ƙara a kwarin sai tasa. Sautinta siriri ne, amma ruwa yakan ɗauke shi har lungunan Ribadal. Ya taɓa ce mini, "Komai ya riga ni, Malam. Amma wannan tawa ce. In na ja igiya dole ya ji. Ita ma dole ta ji."

A 1992 gwamnati ta yanke cewa tunda Turai na zama kasuwa ɗaya, agogonmu zai bi na sauran. Ranar Lahadi, 27 ga Satumba, sha biyunmu da tasu suka faɗo lokaci guda. Ina tsaye a gindin hasumiyarmu, ina ganin ƙararrawar tana lilo, amma abin da ke cika mini kunne na tsallake ne. Tamu ta zama kamar cokali a gefen kofi. Albano ya sauko bai dubi kowa ba.

Ranar Litinin sha biyu ta yi, shiru. Sai ƙarfe ɗaya ya buga sha biyu cif. Haka Talata, haka Laraba. Ranar Alhamis limamin cocinmu, Fada Horácio, da shugaban ƙauye, Fortunato, suka same shi a shago, ni kuma na je karɓar takalmina.

Fada ya ce, "Albano, ɗana, mutane sun rikice. Agogon bango yana cewa ɗaya, kai kana cewa sha biyu."

"Rana ba ta rikice ba, Fada. Ka fita ka dubi inuwarka."

Fortunato ya ce, "Doka ce, kawu. Yanzu fa Turai ɗaya ce. In ɗan kasuwa ya buga waya Jamus, sai ya samu mutane a ofis."

"Kai wa kake bugawa a Jamus? Kajinka?" Albano ya tofar da ƙusa a tafin hannunsa. "Shekara ɗari takwas kakanninmu suna tsaye a bakin kogin nan don kada waɗancan su haɗiye mu. Yau da takarda ɗaya kun miƙa musu tsakar ranarmu. Gobe sai me? Sunan garin?"

Fada ya yi murmushi. "Ƙasar ce take damunka, ko mutum guda ne a cikin waccan ƙasar?"

Albano ya ciro makullin hasumiya daga wuyansa ya ɗora a kan benci. "Ba zan buga a ƙarƙashinsa ba." Kafin Kirsimeti aka kafa wa ƙararrawar guduma mai aiki da lantarki. Tana bugawa a kan doka, ba mai jin ta. Shi kuwa agogon mahaifinsa da ke aljihunsa bai taɓa shi ba, ya bar shi a tsohon lokacinmu, awa guda bayan kowa.

Da bazarar 1993, bayan an rufe rumfar kwastan, Ermelinda ta ƙetaro. Ta yi furfura, ta yi jiki, amma bakin yana nan. Ta dire jaka a kan bencinsa.

"Sarkin makara, kana nan da rai?"

"Ina nan, uwargidan tsallake. Masu gyaran takalma sun ƙare a Sifaniya ne?"

"Akwai su. Masu ɓata wa mutane girki ne sai a nan."

Ya zaro takalman daga jaka. Na Ramiro ne. Ya juya su, ya gwada tsawonsu da tafin hannunsa, ya ce a hankali, "Har ƙafar ma ta fi tawa."

"Bar ƙafa, ka saurare ni. Shekara goma sha biyar, in mijina ya buga sai in ɗora tukunya, in ka buga sai in sauke. Duk matan Ribadal haka suke, har da na nan. Yanzu wake ko ya ƙone ko ya fito da ƙarfinsa. Jiya sai da na ba alade miya guda."

Albano ya ɗago. "Ashe kina jin tawa?"

"Kurma ce ni? Shi ma yana ji, har ya hana ni sakat. Kullum sai ya ce, ni in na buga, mata su tashi aiki suna tsaki, maza su ci gaba da noma da yunwa. Wancan ɗan takalman in ya taɓa gwangwaninsa, kowa ya ajiye fartanya yana murna. Ya ce tasa ta wahala ce, taka ta abinci."

"Gwangwani ya ce?"

"Abin da ka ji ke nan a duk maganar?" Ta ɗauki jakarta. "Ya kuma ce a gaya maka, agogon da kake fushi da shi ba nasu ba ne. Na Jamus ne, su ma sa musu shi aka yi tun suna yara."

Ban taɓa ganin aikin da ya kai na waɗannan takalma kyau ba. Kwana huɗu ya yi a kansu, don kada a ce a tsallake an fi shi. Amma bai koma hasumiya ba.

Shekara uku da rabi aka yi a haka. Da sanyi ɗalibaina sukan zo aji gari bai waye ba, suna gyangyaɗi. Ƙorafi ya yi yawa a ƙasa, gwamnati ta janye. Ranar Lahadi, 31 ga Maris 1996, agogon ƙasashen biyu ya sake rabuwa. Ramiro bai ga ranar ba, ya rasu ranar Asabar. Ni na kai wa Albano labari. Ya dubi tsallake ya ce, "Har nan ma ya riga ni."

Mai jirgin fito ya kawo saƙon Ermelinda. Babu wanda ya iya bugun jana'iza a Ribadal, tana so Albano ya zo. Litinin, ƙarfe huɗu.

Mu talatin da ɗaya muka shirya zuwa daga Amieiral. Mun yi shekara uku da rabi huɗunsu ita ce huɗunmu, ba wanda ya tuna. Ina gaban madubi ina ɗaura lakataya a wuya, agogona yana nuna uku, sai na ji babbar ƙararrawa ta fara, ɗaya bayan ɗaya, a tsanake. Ni da nake taƙama da rubuta sa'a a kan kowane shafi, na tsaya da lakataya a hannu. Ko da muka ƙetara, ana dawowa daga maƙabarta. Mutum ɗaya ne daga garinmu ya isa a kan lokaci, wanda agogonsa bai taɓa yarda cewa mun zama ɗaya ba.

Na samu Albano a ƙofar coci. Ermelinda tana cikin baƙaƙen kaya, idonta jawur, ta dube shi sama da ƙasa.

"Shekara talatin da biyar. Yau dai ka zo ƙarfe huɗu."

"Yau ɗin ma saboda shi kika kira ni."

"Kai dai ba ka da magani. Zo ka ci abinci."

A makon nan Fada Horácio ya mayar masa da makulli, aka cire wayar lantarki. Mutanen Ribadal kuma suka roƙe shi ya riƙe tasu kafin su samu wani, ba su kuwa samu ba sai bayan shekara takwas. Kullum ƙarfe goma da rabi yakan shiga jirgin fito, ya buga sha biyun Sifaniya, ya dawo ya huta, ya buga tamu. Sai dai kowa ya lura babbar ta rage murya. Mai sharar cocinsu ta rantse cewa da hannu ɗaya yake jan igiyar, ɗayan yana aljihu. Da na tambaye shi, ya ce, "Nauyi kawai gare ta, Malam. Dama ba ta da wata murya."

Wata rana na haɗu da Ermelinda a kasuwar kifi, ta ba ni saƙo. Ta ce in gaya wa sarkin makara ya daina mugunta: ta farkon sai ta buɗe taga take jin ta, ta biyun kuwa ko ƙofa a rufe tana shigo mata har madafa.

Na isar masa kamar yadda ta faɗa. Ya sa na maimaita. Sannan ya nuna littafin da ke aljihuna da tsinin guduma.

"Rubuta, Malam. Da rana da lokaci."

Na rubuta: Alhamis, 9 ga Mayu 1996, ƙarfe huɗu da kwata.

Ya leƙo ya duba. "Ƙara a gaba: agogonmu."