Darussa Biyu da Baba Ya Hana Lokaci

Baba dillalin dabbobi ne, kuma duk abin da ya shigo gidanmu da idon dillali yake dubansa. Iyayensa makiyaya ne, shi ne ya fara ajiye sanda ya kafa gida a unguwar Mafoni. Shekarar da na shiga ajin ƙarshe na sakandare, sai ya ce in kawo masa jerin darussana ya gani. Na yi murna, na zaci taimako ne ya zo.

Makarantarmu a unguwar Wulari take, kuma tana da wata doka da kowa ya sani. Kafin a yi wa ɗaliba rajistar jarrabawar fita, sai ta rubuta ta gwaji. Wadda ta faɗi darussa biyu ba za a sa sunanta ba, sai dai ta maimaita aji. Ba abin da nake tsoro a lokacin kamar in ga ƙawayena sun tafi sun bar ni da ƙannenmu na ajin baya.

Lokacin karatuna a gida ba shi da yawa. In na dawo na ci abinci na yi sallar La'asar, abin da ya rage zuwa Magariba bai wuce awa biyu ba. A cikin awa biyun nan kuma akwai ragunan turka da ke jiran harawa da dusa, akwai ƙoren nonon Inna da ke jiran wanki, don kindirmo take yi ana zuwa saye har gida. Ni ce babba a cikin mata, saboda haka ni aikin ya sani.

Na karanta wa Baba darussan ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Lissafi ya ba shi yamma biyu a mako, Turanci biyu, sauran ya haɗa su a yamma guda. Da na zo kan bayoloji ya tambaye ni mene ne shi. Na ce ilimin jikin dabba ne da tsiro da mutum. Ya yi dariya har da buga cinya. Da na ce tarihi, bai ma bari na yi bayani ba.

"Waɗannan biyun ai a gida kike da su," in ji shi. "Ranakunsu ki taya uwarki aiki. Kalas."

In Baba ya ce kalas, magana ta ƙare ke nan. Amma ranar sai da na ƙara. Na gaya masa malamin bayoloji ya ce wanda bai ba darasinsa awa guda kullum ba, da zane da komai, kada ma ya wahalar da kansa shiga ɗakin jarrabawa. Malamar tarihi kuwa cewa ta yi kowane babi a karanta shi sau uku, sannan a rufe littafi a rubuta shi da ka, ko da sau ɗaya a mako. Na lissafa masa, na ce su biyun kaɗai sun kusa cinye awa goma sha ɗaya. Ya ce malamai haka suke, kowa kayansa yake zugawa, shi ma in zai sayar da saniya ba ya cewa ramammiya ce.

Ba da mugunta ya yi ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Hujja yake da ita, ga shi kuma ya iya kafa ta. Ranar sunan ɗan ƙanwarsa, da aka yanka rago, ya kira ni gaban baƙi ana fiɗa, yana nuna kayan ciki da tsinin wuƙa ina faɗa. Tumbi, hanji, hanta, huhu, saifa, ƙoda, matsarmama. Ya tambaye ni yadda ake gane dabbar da ta ci leda, na faɗa. Ya tambayi yadda ake sanin shekarunta daga haƙori, na faɗa. Ya juya ya dubi mutane yana murmushi, wai wannan ce za a ce ta zauna awa guda kullum tana koyon jikin dabba.

Washegari na ɗauko littafin na buɗe masa hoton ƙwayar halitta, wadda sai da madubin ƙara girma ake ganinta. Na nuna masa sassanta, kowanne da sunansa na Turanci mai tsawon igiya. Ya ɗaga littafin, ya nisantar da shi daga fuskarsa, ya dube shi da kyau. Sannan ya ce abin da ido ba ya gani ba zai fi sa mai ƙaho cin lokaci ba, ya miƙo mini abina.

Tarihi kuwa Kaka ce hujjarsa, wato mahaifiyarsa. In ta zauna a kan tabarma da hantsi tana tsince gero, za ta jero maka kakanninmu har goma sha wani abu, da rijiyoyin da suka shayar, da shekarar da tafki ya ja baya, da yaƙin da ya taso su daga gabas, da sarkin da ya ba su wurin kiwo. Ba ta taɓa yin tuntuɓe a suna ba. Baba ya ce malamar tarihinmu ma in ta zo gidan nan a ƙasa za ta zauna ta ɗauki karatu. Wataƙila gaskiyarsa ne. Sai dai Kaka ba ta san masarautun kurmi na kudu ba, ba ta san cinikin manja a bakin teku ba, balle tsare-tsaren mulki da Turawa suka yi ta sauyawa kafin su tafi. Su kuwa su ne suka cika kashi uku cikin huɗu na littafin.

Na kai ƙara wurin Inna, ta ce in yi haƙuri, ubana ya fi ni sanin duniya. Na gwada satar lokaci. Nakan jingina littafin tarihi a jikin randa ina wanke ƙwarya ina leƙawa, har shafukansa suka kumbura da ruwa. A keke mai ƙafa uku na haya, hanyar makaranta, nakan buɗe bayoloji a cinya, to amma tafiyar ba ta kai a gama shafi ba, kuma kullum akwai wata mata da kwandonta a kan ƙafata. Zane kuwa ba ya yiwuwa a keke. Sau biyu na yi kuka don takaici ina zuba wa raguna dusa, suna ta tunkuɗa ni ko a jikinsu.

Laifina ni ma ba zan ɓoye shi ba. Yau da gobe maganar Baba ta shige ni. In malami ya zo kan narkewar abinci, sai in ji kaina ya yi girma, in ce wannan da hannuna na taɓa shi. In an ambaci Borno a ajin tarihi, sai in gyara zama ina duban ƙawayena a kaikaice. Na fara gaya wa kaina cewa abin da na sani zai rufe abin da ban sani ba.

Ranar gwajin bayoloji na shiga ina addu'ar a kawo dabba mai ƙafa huɗu. Abin da na tarar a kan tebur kyankyaso ne a kwalba, da ƙwayar wake da aka jiƙa, da ganye guda. Aka ce a zana, a sa wa kowane sashe suna. Na zana kyankyaso mai kyau ƙwarai, sannan na zauna ina kallonsa, don ban da kai da ƙafa ban san sunan komai a jikinsa ba. A tarihi tambaya biyar za a amsa. Ɗaya ta taɓo Borno, na faɗa mata da duk ƙarfina, na zuba labarin Kaka shafi uku da rabi. Ina ɗaga kai aka ce saura minti ashirin. Da takardar ta dawo, malamar ta rubuta da jan biro cewa labarin ya yi daɗi amma ba shi aka tambaya ba.

Duka biyun na faɗi. Lissafi da Turanci kuwa na ci su da kyau, kamar don a ƙara tsokanata.

Baba ya sa babbar riga ya tafi makarantar da kansa, ni ina biye. Ya gaida shugabar makaranta da wushe wushe, tunda Babarbariya ce, sannan ya shiga bayani. Ya ce 'yarsa ta san cikin rago fiye da mahauci, ta san kakanninta fiye da duk wanda ke harabar nan. Ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba. Daga nan ta sa aka kawo littattafan biyu, ta ɗora su a gabansa, ta tambaye shi awa nawa nake ba su a mako. Ni na amsa, na ce ko ɗaya. Ban taɓa kunyata shi a gaban mutane ba sai ranar, kuma ban ji na yi nadama ba.

Ya roƙa a yi mini alfarma. Ta ce in ta yi mini, akwai wasu tara a bayana da iyayensu. Bai ba ni haƙuri ba, ba ya cikin ɗabi'arsa, amma daga makon nan ƙanwata ce ta koma kan ƙwarya da raguna. Na samu awannina cif, bayan an riga an aika da sunaye.

Ranar da 'yan ajinmu suka rubuta takardarsu ta ƙarshe, ina zaune a aji da ƙannenmu muna zana tushen masara. Da aka fita hutun rabin rana na same su a bakin ƙofa suna ta rubuce-rubuce a jikin fararen hijabansu na makaranta, tunda sun gama da su ke nan. Aminiyata, wadda muka yi shekara biyar a benci ɗaya, ta miƙo mini maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ta juya baya na rubuta mata fatan alheri. Sai ta karɓa, ta kamo gefen hijabina za ta rubuta nata. Na riƙe hannunta.

"Bari," na ce mata. "Ranar Litinin zan sa shi."