Turmi ɗaya

Shekarun baya, zamanin da Nasara ke mulki, kumandan na zaune a Magariya, ina aure a wani ƙauye kusa da Guci. Lokacin gyaɗa ce komai. Ita ake nomawa a biya lanho, wato haraji, ita ke cikin miya, ita ke cikin yaji. A irin wannan ƙasa Allah ya ba ni ɗiyar da jikinta ba ya karɓar gyaɗa.

Ita ce ta fari. Yaran yanzu ba za su gane ba. A lokacinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ni kuwa na fi kowa iya wannan kunyar. Har yabona ake yi, ina jin daɗi kamar an naɗa ni sarauta. Da aka yaye ta, mahaifiyata ta ɗauke ta. Mahaifiyata yarinyar ke kira Inna, ni kuma Yaya.

Mahaifiyata ce ta gano abin. Ran da yarinyar ta ciji ƙuli-ƙuli leɓenta ya kumbura, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya yi mata wuya. Da ta warware, mahaifiyata ta taka har gidana ta ce, "Ke, buɗe kunnenki. Ko man gyaɗa kada ya taɓa bakin yarinyar nan. In na mutu, ki faɗa wa duk mai ba ta abinci."

Mahaifiyata ta mutu. Yarinyar ta dawo hannuna, ta fara famfara ke nan. Na kiyaye rabin maganar. Ina raba mata miya kafin in zuba ƙuli, ina wanke ƙwaryarta daban. Amma ban faɗa wa kowa dalili ba, in ban da ubanta. In an miƙa mata gyaɗa sai in ce, "Ba ta so," in kawar da kai. Ina tsoron a ce ga marar kunya tana lallaɓa ɗiyar fari. Ina kuma tsoron a ce iska ke jikinta.

Ina da ƙawa mai sayar da fura a kasuwar Guci. Tare muka tashi. Ita ke yi wa yarinyar abin da ba ni iyawa: ta ɗora ta a cinya, ta tsokane ta da giɓin haƙori, ta dama mata fura kyauta duk ran kasuwa. Fura gero ce da kayan yaji, sai nono. Ban taɓa jin tsoronta ba.

A kakar wata shekara gyaɗa ta yi yawa, ƙawata ta fara matsar mai. Turminta ɗaya ne. Ta gama aikin tunkuza a ciki, ba ta wanke ba, ta kirɓa fura a kai. Furar ta fito da maiƙo da gardi, mutane suka yi ta rububi. Da ta ga haka sai ta riƙa barin ragowar tunkuzar da gangan. Duk wannan daga baya na sani.

Ran nan muka je kasuwa ni da yarinyar da gwaggonta, yayar mijina. Muka zauna a rumfar masu fura. Ƙawata ta dama, ta miƙo mini na fara kurɓa. Na ji wani abu a harshena.

Na ce, "Ƙawa, furarki ta sake. Me kika sa?"

Ta harari masu furar da ke gefenta, ta yi dariya. "In faɗa miki a nan, waɗannan masu dogon kunnen su kwashe? Sha ki yi shiru, hannuna ne ya yi albarka."

Wata daga cikinsu ta ce, "Hannu ko malami?" Aka kwashe da dariya.

Ƙawata ta karɓi ƙwaryar ta miƙa wa yarinyar. "Zo, ɗiyata mai ƙofa a baki, sha ki bar wa Yayarki tambaya."

Na ɗaga hannu zan tare. Gwaggon ta dube ni ta ce, "A'a, yau kuma ke ce mai gadin ta fari? Ashe kunyar ta ƙare."

Na sauke hannun. Na ce a raina fura ce, kullum tana sha.

Ba ta kai ga shanyewa ba ta fara susar wuya. Leɓen ya tashi. Idanun suka shige ciki. Numfashinta ya koma fito kamar ana busa kara. Mata suka taru. Wannan ta ce iska ce a kawo turare, waccan ta ce a nemo rubutu. Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na kama hannun ƙawata na ce, "Akwai gyaɗa?"

Ta ce, "Tunkuza ce kaɗan, ragowar turmi. Me ya faru?"

Na saɓa yarinyar a baya na ɗaure, rabon da in goya ta tun kafin yaye. Lokotoro, wato likita, na Magariya, Magariya kuwa ba nan kusa ba ce, kuma babu mota. Na kama hanya da gudu, ƙawata na bina babu ko mayafi. Ba mu wuce gonakin bayan kasuwa ba na ji ta yi nauyi. Na sauke ta ƙarƙashin wani gawo. A nan na kira sunanta. Na kira da ƙarfi, na sake kira. Shi ne na farko da ta ji daga bakina, in ta ji.

Bayan an yi sadakar uku dangin mijina suka ce sammu ne, a kai ƙawata gaban sarki. Mutane suka daina sayen furarta. Na je gidanta na tarar da ita zaune, turmin na kife.

Ta ce, "Ƙawa, me ya sa ba ki faɗa mini ba? Ni fa? Ni da nake ba ta da hannuna?"

Na ce, "Na tambaye ki."

"Kin tambaye ni kamar mai son satar sana'a. Da kin ce rai ne, wallahi da na zubar da furar duka."

"Da kin ce gyaɗa ce, da na kife ƙwaryar."

Babu wadda ta yi ƙarya a cikinmu.

Washegari na tsaya a zauren gidanmu, gaban maza, na faɗi komai: ciwon, da wasiyyar mahaifiyata, da turmin. Na ce babu sammu, babu mai zuwa gaban sarki. Gwaggon ta ce ba ta taɓa ganin mace na maganar ɗiyar fari haka ba. Na ce to yau ta gani.

Ƙawata ta sa aka sassaƙa mata turmi na biyu, ta ƙona masa baki da wuta don kada a haɗa. Har ta tsufa, in ta sa gyaɗa a abu sai ta faɗa kafin a tambaya. Masu fura suna yi mata dariya, wai tana tallan sirrinta.

Na haifi wasu, na binne wasu, na ga yunwa. Duk na ɗauka. Wannan ce ba ta sauka ba. Ana ce mini kwananta ne ya ƙare, kuma na yarda. Amma mai dafawa ta san abin da ta zuba, uwa ta san jikin ɗanta, kuma ranar muna zaune a kan tabarma ɗaya.

Yanzu in aka kawo abinci gidan nan sai na tambaya me ke ciki, a wane turmi aka daka. Jikokina na cewa tsohuwa ta fiye bincike. Su yi ta faɗa. Babbar jikata ma, da ta haifi nata na fari ta fara sunkuyar da kai, na ce mata, "Ɗago. Kira shi in ji."