Jirgin Baffa Ilu

Lokacin da nake yarinya Gyadi-Gyadi ba ta cika haka ba. Idan ka bar bakin titin Zariya, gidaje kaɗan za ka wuce ka faɗa gonaki, gero da dawa har Tarauni. Gidanmu na ƙasa ne, a kusan ƙarshen layi. Muna da yawa a cikinsa, amma mutum uku ne labarin nan ya shafa: kakata, wadda muke kira Iya, da mijinta Malam, da autansu Baffa Ilu, ƙanen mahaifina, mai gyaran rediyo a wata 'yar rumfa a bakin titi.

Iya ce mai tatsuniyar gidan. Da an yi magariba an kwashe tuwo, ba ta bari a kashe wutar murhu. Sai ta jawo kujerarta, ta tura dankali cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Cewa take, "Ga wata ta taho da ƙafarta, ku matsa mata." Mu ce, "Ta shigo, akwai wuri." Malam yana ƙofar ɗakinsa a kan buzu yana jan carbi kamar ba ya ji, amma da ta tsallake wani wuri sai ya yi gyaran murya ya ce, "Kin bar kura a rijiya." Ita kuma ta ce, "To malamin tatsuniya, taso ka fito da ita." Ni yakan kira ni amaryarsa, Iya ta ce ta bar mini shi, dama ya tsufa.

Sai shekarar da Malam ya tafi aikin hajji. Ranar da aka ce za su dawo, tun asuba aka ɗora tukwane. An shafe ɗakinsa da farar ƙasa, an yanka rago, Iya ta ƙunsa lalle. Baffa Ilu aka tura filin jirgi ya taro shi. Har hantsi ya ɗaga babu labari, sai muka ga mutane suna taruwa a bakin titi wajen masu rediyo. Jirgin da ya ɗauko alhazai ya yi hatsari wajen sauka, ya kama da wuta. Baffa yana cikin masu tarya, a kan idonsa aka yi.

Bayan la'asar ya shigo gida, babu hula, takalmi ƙafa ɗaya. Iya ta dube shi ta ce, "Auta, kai kaɗai?" Ya sunkuyar da kai. Ta yi salati a hankali, ta juya ta ce wa mahaifiyata a sauke tukwanen a raba wa maƙwabta. Ba mu ga gawar Malam ba. Tare da sauran mamatan aka binne shi.

Daga ranar tatsuniya ta ɗauke a gidanmu. Iya ta yi takaba ta fita, amma da an kwashe tuwo ita da kanta take yayyafa wa garwashin ruwa. Baffa kuwa ya koma rumfarsa, yana aiki, yana amsa gaisuwa, sai dai bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya gani ba.

Akwai wani Bature injiniya da Baffa ya taɓa gyara wa akwatin sarrafa jirgin wasa. Da zai bar ƙasar sai ya bar masa jirgin da akwatin gaba ɗaya. Ba ƙaramin abu ba ne: faɗin fukafukansa ya kai gaba guda, wato miƙewar hannu biyu, an yi shi da wani katako mara nauyi, launinsa ruwan ɗorawa. Yana da ɗan inji da farfela a hanci, da tayoyi biyu a gaba, da wata 'yar mitsitsiyar taya a ƙarƙashin wutsiya. Akwatin kuwa yana da doguwar eriya da ƙananan sanduna biyu da ake turawa da babban yatsa.

Kowace Juma'a da yamma Baffa yakan ɗauke shi zuwa wani fako a Tarauni. Tashi bai taɓa ba shi wahala ba. Jirgin yakan hau sama ya zagaya har ya zama kamar shirwa. Matsalar a sauka take. Yana tahowa da gudu, tayoyin gaba su daki ƙasa, wutsiya ta yi ƙasa, hanci ya ɗaga, iska ta sake cika fukafukai, sai ya yi tsalle sama kamar kwaɗo. Baffa ya tura sanda don ya danne shi, ya sake dukan ƙasa, ya sake tashi, har ya kife da ka farfela ta karye. Yaran da suka biyo shi su bushe da dariya. Shi kuwa ya tattara gutsattsarin, ya kwashe mako yana liƙewa da gam, Juma'a ta zagayo ya koma.

A hankali ya fara rufe rumfa tun azahar. Unguwa ta sa masa suna Ilu Mai Jirgi, wasu suna cewa abin da ya gani ne ya taɓa shi. An riga an sa masa rana da wata yarinya a Daurawa, sai iyayenta suka aiko a dakata. Mahaifina ya fusata, ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Mutum da gemunsa ya zama abin dariyar yara. Wallahi ƙone abin nan zan yi."

Iya ba ta kiran sunan mahaifina, don shi ne ɗan fari. Ta ce, "Kai wancan, ba za ka ƙone ba."

"To Iya, mu zuba masa ido?"

"Ba wasa yake yi ba. Ka taɓa ganin mai wasa yana rama?"

Wata Juma'a ta ce in raka ta dubiya Daurawa. Maimakon mu bi hanya, sai ta ratsa da mu ta gonaki har muka ɓullo bayan fakon. Ta tsaya ƙarƙashin wata ɗorawa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Baffa bai gan mu ba. Mun ga jirgin ya juyo zai sauka. Ya daki ƙasa, ya yi tsalle, ya sake, ya kife. Iya ta damƙe kafaɗata har na ji zafi. Ba mu je dubiyar ba. A hanyar komawa magana ɗaya ta yi, ba da ni ba ma: "Sauri yake yi. So yake abin ya wuce."

Da aka kwashe tuwo a ranar, mahaifiyata ta ɗauko ruwa za ta kashe wuta, Iya ta ce a bari. Baffa yana ƙofar ɗakinsa da fitilar ƙwai yana ɗaure karyayyen fiffike. Ta jawo kujera ta ce, "Ga wata ta taho da ƙafarta, ku matsa mata." Mun daɗe ba mu ji wannan ba, har sai da ta maimaita sannan muka amsa.

Labarin wani ɗan shamuwa ne. Ya tashi da ubansa daga ƙasa mai nisa, suka biyo damina. Da suka iso gari, uban ya yi gaba zai sauka, guguwa ta taso ta fyaɗa shi da ƙasa, bai ƙara motsi ba. Ɗan yana sama yana kallo. Tun daga nan ya tsani ƙasa. Sai ya yi ta shawagi har fukafukansa su gaji, in ya ga ba makawa sai ya runtse ido ya faɗo mata da gudu don a yi a gama. Ita kuwa ƙasa duk sanda ya faɗo mata sai ta cilla shi sama. Ƙafafunsa suka kumbura, ya rame, sauran tsuntsaye suna yi masa dariya. Ya je wurin shaho, shaho ya ce ya ƙara gudu. Ya ƙara, ya kusa karya wuya. Daga ƙarshe ya sami wani tsohon zalɓe a bakin tafki yana tsaye da ƙafa ɗaya.

Nan Iya ta sauya murya, ta yi ta ƙasa-ƙasa irin ta tsofaffi. "Zalɓe ya ce, yaro, ƙasa ba a auka mata. Tun daga nesa za ka rage gudu, ka fuskanci iska. In ka zo dab da ita ka ɗaga ƙirji, kada ka taɓa ta. Ka yi ta ƙi, ka yi ta ƙi, har iskar da ke fukafukanka ta ƙare. Ita da kanta za ta karɓe ka. In kuwa ta tunkuɗe ka, kada ka danna kai. Buɗe fiffike ka koma ka zagayo, ba wanda yake korar ka."

Ƙanena ya ce, "Ya iya?"

"Ya iya, bayan ya sha wuya."

Ni ce na yi tambayar da ba a shirya mata ba. Na ce, "Iya, uban fa? Shi bai iya ba ne?"

Ta daɗe tana tona toka da tsinke. Sannan ta ce, "Uban ya iya. Ya fi kowa iyawa. Kwanansa ne ya ƙare. Da duk tsuntsayen duniya sun taru sun shimfiɗa masa fukafukai, da ba su ƙara masa yini ɗaya ba. Ɗan ma da yake kallo, babu abin da zai iya yi." Ta ajiye tsinken. "Nan ta tsaya, nan na tsaya. Ku tashi ku yi sallah."

Da na waiga, Baffa ya kifa kai a kan gwiwa, kafaɗunsa suna motsi. Ba wanda ya je kusa da shi.

Juma'ar da ta biyo baya gyaran bai ƙare ba. Ta gaba ce ya zo da kansa ya ce, "Iya, ko za ki zo?" Ta ɗauki mayafi. Wannan karon kusa da shi muka tsaya. A gwajin farko jirgin ya taɓa ƙasa ya yi tsalle, na ga yatsan Baffa zai tura sanda, sai ya fasa, ya ƙara wa injin wuta, jirgin ya hau ya zagayo. A na biyu ya rage wuta tun daga kan bishiyoyi. Jirgin ya taho a hankali yana fuskantar iska, ya yi ƙasa har bai fi kamu ɗaya tsakaninsa da fakon ba. Baffa yana jan sandar baya kaɗan-kaɗan, hanci a ɗage, gudu yana mutuwa. Ya ƙi taɓawa, ya ƙi, sannan tayoyin uku suka zauna tare ba ko ƙara. Ya riƙe sandar a baya, wutsiya ta manne da ƙasa, jirgin ya gangara ya tsaya.

Yara suka yi ta tafi. Baffa ya ajiye akwatin, ya zauna dirshan a ƙasa. Ya ce, "Iya, haka kawai ake so. Haka kawai fa." Sai ya fashe da kuka irin wanda ban taɓa jin babban mutum ya yi ba. A nan, a tsakiyar fako, ya faɗa mata duk abin da ya gani a filin jirgi. Ta tsuguna gabansa ta saurara har ƙarshe, ba ta katse shi ba, ba ta kuma ce ya yi haƙuri ba.

Bai ƙara tayar da jirgin ba. Ya rataye shi a rumfa har rana ta kashe launinsa. Da na girma ya gaya mini cewa duk abin da zalɓe ya faɗa, Baturen ya riga ya koya masa. Ya san ka'idar sarai. Amma da jirgin ya kusanto ƙasa sai ya daina ganin na wasa, hannunsa ya ƙi bin umarninsa. Auren Daurawa bai yiwu ba, don kafin ya dawo daidai an ba wani. Ya yi aure daga baya, ya haifi 'ya'ya, amma fara'arsa ta dā ba ta dawo duka ba.

Shekaru da yawa na ɗauka Iya ta ƙirƙiri tatsuniyar nan ne don ta ceci ɗanta, kuma ita ta riga ta haƙura. Haka muke ɗaukar tsofaffi, kamar an halicce su da haƙurinsu. Sai a ciwonta na ajali na gane ba haka ba ne. A lokacin na yi aure, na dawo gida jinya. Hankalinta ya fara gushewa, ba ta gane mu sosai. Wata safiya ta ce a duba tukwane kada naman ya ƙone, a kuma shimfiɗa buzu. Da Baffa ya shigo ta kama hannunsa ta ce, "Auta, sun sauka?"

Ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Sun sauka, Iya."

"Lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

Ta ce, "To madalla," ta saki hannunsa. Ba ta ƙara tambaya ba har ta cika.

Yanzu ni ma na binne nawa mijin, na san yadda abin yake. Mutum yana iya sanin hanyar haƙuri har ya koya wa wani, ya gan shi ya sami sauƙi, alhali shi bai samu ba. Iya ta ɗauki ɗanta ta ajiye shi a ƙasa lafiya, ta ci gaba da ba jikoki dariya, ta aurar da mu, ta yi wa 'ya'yanmu wanka. Duk tsawon shekarun nan tana sauraron sallamar Malam a zaure, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta a cikinmu.