Ja'afaru Mai Yasar Magudana

A wani ƙauye kusa da Kirikasamma aka yi Ja'afaru, manomin shinkafa, dogo mai babbar murya. Shekarar da aka samu 'yancin kai kogi ya kawo ruwa fiye da kima, sai Ja'afaru ya toshe magudanar da ke bin gefen gonarsa. Tasa ta tsira, ruwan kuwa ya juya ya shanye ta maƙwabcinsa Shu'ibu. Shu'ibu bai kai ƙara ba. Ya kwashi iyalinsa ya koma Nguru, yana dako a tashar jirgin ƙasa.

Tun daga nan, duk bazara Ja'afaru kan saɓi shebur ya bi magudanun fadamar yana yashewa, nasa da na kowa, ko goro ba ya karɓa. Wasu suka ce halin kirki ne, wasu suka ce tsoron haƙƙi ne.

Da tsufa ya dawo da Shu'ibu gida, ya tarar da Ja'afaru cikin rami, ƙasa har gira.

"Malam Ja'afaru, fito haka nan," in ji Shu'ibu. "Ni na daɗe da yafe maka."

Ja'afaru ya share gumi. "Na gode, Allah ya yafe mana. Da fari saboda kai nake yi, ba na musu. Amma gonar Ma'u ce a gaba, mijinta ya rasu. In ban buɗe nan ba, bana ruwa ba zai kai mata ba."

Shu'ibu ya zauna a bakin ramin yana ba shi labarin Nguru. Ja'afaru bai bar aikin nan ba sai da tsufa ya sa gwiwoyinsa suka gaza.