Gyaran da Gagara Ta Ƙi Ɓoyewa

Mahaifinta ne ya laƙaba mata Gagara. Mai gyaran rediyo ne a wani ɗan tsukukun shago a bakin titi, ita kuwa tun tana yarinya ba ta barin sukudirebarsa ta huta. Ranar da ya hana ta taɓa wata tsohuwar rediyo, ya dawo daga cin abinci ya tarar ta kwance ta ɗai-ɗai, ta jera kusoshin a murfin gwangwani. Bai doke ta ba. Cewa ya yi wanda ya kwance shi zai haɗa, ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa.

Da ta girma ta karanci kwamfuta, ta samu aiki a wani kamfanin rarraba magunguna mai rassa da yawa. Ofishinta ɗaki ne marar taga a bayan sito, da fanka mai kukan tsohuwar akuya. Aikinta shi ne tattaro bayanan kowane reshe, abin da ya shigo da abin da ya ƙare, su haɗu wuri guda. Manhajar da take aikin da ita ba mallakar wani kamfani ba ce. Mutane ne daga ko'ina suka haɗa hannu suka rubuta ta, suka bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, mai iyawa ya gyara ya mayar.

Aibin manhajar ɗaya ne: idan intanet ta yanke ana cikin turo bayanai, sai ta koma farko. A rassan nesa kuwa yankewar ta fi zaman yawa, har magani ya ƙare a can ba a sani ba. Gagara ta gaji da jin haƙuri. Ta ɗauki ranakun hutunta, a gida, a kan tata kwamfutar, ta rubuta wani ƙari da zai sa manhajar ta riƙe inda ta tsaya, ta ɗora daga nan. Da aka gwada, abin ya yi.

Manaja ya yi murna har da zuwa ɗakinta, abin da bai taɓa yi ba. Amma da ta ce za ta aika wa masu kula da manhajar domin kowa ya amfana, sai fuskarsa ta sauya. Ya ce wannan makaminsu ne, ba za a miƙa wa abokan gasa ba.

“Ranka ya daɗe,” in ji ta, “da muka ɗauko manhajar ba wanda ya tambaye mu ko mu abokan gasar wa ne. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.”

Ya ce ta yi tunani. Ta ce ta gama, ta kuma nuna masa cewa ba a lokacin kamfani ta rubuta ba. Da yammacin ranar ta aika.

Can ma ba a shimfiɗa mata tabarma ba. Masu kula da manhajar suka mayar mata, suka ce dabarar ta yi kyau amma babu gwajin da zai tabbatar ba ta ɓata wani abu ba. Ranta ya sosu, ta yini tana yi wa fanka faɗa, sannan ta zauna ta rubuta gwajin. Suka sake mayarwa saboda wani kuskure, wanda kuwa kuskure ne na gaske. Ta gyara.

A ofis, manaja ya karɓe aikin daga hannunta, ya mayar da ita gyaran firinta da sauya waya. Yayanta, wanda shi ya yi mata hanyar aikin, ya zo gida musamman ya ce ta je ta ba da haƙuri, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mijinta tela yana gefe yana ɗinki, bai ɗaga kai ba ya ce wa yayan nata ya bar wahalar da bakinsa, shi ya daɗe da sallamawa. Ita dai ta ce in laifi ta yi a faɗa mata sunansa.

Ba a daɗe ba aka karɓi ƙarin nata, ya fito a sabon zubin manhajar. Wata ma'aikaciyar asibiti daga wata ƙasa ta rubuto cewa yanzu sakamakon gwajin marasa lafiyarsu yana isa ko da intanet na wasa. Wani kuma ya ɗauki aikin nata ya ƙara masa sauri, har kamfanin da ya hana ta ya sauke sabon zubin yana amfani da shi.

Manaja bai mayar mata da kujerarta ba, ita ma ba ta roƙa ba. Ta ajiye aikin, ta kama wani ɗaki kusa da shagon mijinta, tana haɗa wa ƙananan asibitoci da makarantu bayanansu. Wani watan a samu, wani watan a ɗaure ciki. Yanzu tana cikin masu duba gyaran da sababbi ke aikowa, kuma an shaide ta da tsanani. Ba ta ƙin aikin mutum ta yi shiru, sai ta nuna masa layin da ya karkace, ta ce ya gyara ya dawo tana jira.