Sunan Yakubu da Fadamar Gidaɗo

A kasuwar Wara, in ka tambayi gidan Malam Gidaɗo, sai mai nuna maka hanya ya fara murmushi, domin kusan kowa yana da labarin ranar da ya ja da mutumin nan ya sha ƙasa. Dogo ne siriri, furfura ta gama masa gemu, kuma ba a taɓa ganin abin da ya sa shi sauri ba. Bafillace ne da ya ajiye sanda ya ɗauki fartanya tun yana saurayi. Albasa yake nomawa a bakin tafkin Kainji, kuma ya iya ta, har Hausawan gari suka gaji da tsokanarsa cewa shanu ne suka sallame shi daga aiki.

Ba a fahimtar Gidaɗo sai an san Yakubu. Mahaifiyar Gidaɗo ta rasu yana jinjiri, lokacin rugarsu tana jingine da wani ƙauyen manoma a bakin kogin Kwara. Wata matar ƙauyen mai goyo ta ɗauke shi ta haɗa da nata ɗan, Yakubu, ta shayar da su tare. Da aka datse kogin, ruwa ya cinye ƙauyen da rugar, aka kwashe mutane. Iyayen Yakubu suka faɗa gaɓar yamma, wadda yau take cikin Jihar Neja, mahaifin Gidaɗo ya sauka kusa da Wara, ɓangaren Kabi. Tafki ya shiga tsakanin yaran, amma bai raba su ba. Sun girma suna ƙetarawa a kwalekwale, sun yi aure suna ƙetarawa, sun tsufa suna ƙetarawa.

Su biyun ne suka kafa ƙungiyar taimakon juna ta manoman bakin ruwa, a gindin wata tsamiya da ke kwatar Wara. Babu takarda, babu hatimi. In mutum ya kwanta ciwo, a yi masa gayya a gona. In haihuwa ta zo da gardama, a nemo jirgi mai inji a kai asibiti. In an yi rashi, ƙungiya ta kawo likkafani da hatsi, ba a jira iyali su roƙa. Da fari akwai mutanen ƙetare da yawa a ciki, amma mutuwa da ƙaura suka yi ta tsince su, har ya rage Yakubu kaɗai. Duk ranar kasuwa yana zuwa taro, ko ruwa ya tashi.

Shekarun baya-bayan nan ne aka fara jin cewa ana ba ƙungiyoyi injin ban ruwa da taki, amma sai masu rajista. Wanda duk ya taɓa ban ruwan albasa da bokiti ya san abin da inji yake nufi ga ƙugun tsoho. Nan da nan aka naɗa Gidaɗo shugaba, aka naɗa babban ɗansa Zaharaddeen, malamin firamare, magatakarda, suka tafi ofishin da ke yi wa ƙungiyoyin gama kai rajista.

Jami'ar da suka tarar, Malama Mufida, mace ce mai haƙuri da bayani. Ta ce sai an sami aƙalla mutum goma baligai masu hankali, da dokokin ƙungiya a rubuce, da shaidar taron da aka zaɓi shugabanni, da tabbataccen mazauni, domin gindin tsamiya ba adireshi ba ne. Gidaɗo ya so ya yi gardama a kan tsamiyar, ɗansa ya taka masa ƙafa. Sannan ta ce dole a faɗi yankin da ƙungiyar za ta yi aiki, kuma kowane ɗan ƙungiya ya zama na yankin ne. Ta bi sunayen da biro har ta zo kan na Yakubu.

“Baba, wannan mutumin Neja ne,” in ji ta. “Ba zai shiga ba.”

“Ɗiyata, wanga mutum shi ya kahwa ƙungiyar,” in ji Gidaɗo. “Kamin a yi Neja, kamin a yi Kabi, muna shan nono guda.”

Ta ce ta yarda, amma ba ita ta rubuta dokar ba.

A mota, Zaharaddeen ya kawo dabara mai sauƙi: a rubuta cewa Baba Yakubu a gidansu yake zaune, wa zai bincika? Gidaɗo ya dube shi sama da ƙasa, ya ce bai biya masa makaranta don ya koyi rubuta ƙarya da kyakkyawan hannu ba.

A taron da ya biyo baya, ranar da Yakubu bai samu zuwa ba saboda ciwon gwiwa, mutane suka kawo tasu. A cire sunan kawai, in wani abu ya same shi ai ba za a ƙi taimaka masa ba. Wannan maganar ce ta fi yi wa Gidaɗo zafi, kuma yana da gaskiya. Abin da ɗan ƙungiya yake samu haƙƙinsa ne, yana karɓa kansa a ɗage. Abin da ake ba wanda aka cire sadaka ce. Mutumin da ya shekara da shekaru yana haye tafki don ya yi wa marasa lafiyarsu noma, yau shi za a mayar abin tausayi saboda inji.

“Ku nemi wani shugaba,” ya ce musu. “Hannuna bai sa wa takardar da babu Yakubu ciki.”

Aka yi ta ba shi baki, ya yi kememe. Har limami aka sa, bai motsa ba. Wasu suka fara ƙunƙuni cewa tsoho ɗaya zai ja musu asarar rani guda, kuma su ma ba a ce sun yi ƙarya ba.

Sai Gidaɗo ya koma wurin Malama Mufida shi kaɗai, ya zauna a benci, ya ce ba zai tashi ba sai ta karanta masa wurin nan na dokar da Hausa, sannu a hankali, kada ta tsallake komai. Ta karanta. Ɗan ƙungiya, ko dai ya zama mazaunin yankin, ko kuma ya zama yana riƙe da ƙasa a cikinsa.

Gidaɗo ya ce ta maimaita. Ta maimaita, sannan ta ɗaga kai ta gargaɗe shi: sai ƙasa ta gaskiya, wadda hakimi ko dagaci zai shaida, ba ta baka ba.

Gidaɗo gona biyu gare shi. Ta tudu, ta gero, gandu ce da yake tarayya da 'yan'uwansa, ba shi da ikon kyautar da ita. Sai fadamar albasa da ya sare da hannunsa, wadda ba ta da wani girma, kuma kowa ya san ya daɗe da yi wa Zaharaddeen alkawarinta. Yaron a kanta ya ɗora duk burinsa, domin albashin malanta ba ya kai shi ƙarshen wata, ga iyali. Saboda ita ne ma ya fi kowa zirga-zirgar rajistar.

Mutane suka ce to, ya yanko wa Yakubu kamar shimfiɗar tabarma daga gefe, doka ta cika, kowa ya huta. Da wani ne da ya yi haka, kuma da ba a zarge shi ba. Gidaɗo ya ce wannan ma ƙaryar ce, an dai sa mata riga. Ba ya ba ɗan'uwansa filin da bai isa shanyar barkono ba ya kira shi gona, kuma in aka raba fadamar biyu, babu rabin da zai ciyar da gida. Fadamar duka zai ba shi.

Matarsa Dudu ta yi kuka, ta ce ya tuna da ɗansa. Ya ce ya tuna. Zaharaddeen bai ɗaga murya ba, ya dai tsaya a zaure ya ce, “Baba, ka yi mini alkawari.”

“Na yi, kuma na saɓa,” in ji Gidaɗo. “Ka yahe mini in kana iyawa. Kai kana da ƙarhi da ilimi, kana iya sare wata. Shi ba shi da wani suna da za ya samu in an goge wanga.”

A gaskiya an ƙwari Zaharaddeen. Tsohon ya san haka, abin ya tsaya masa a rai har ya rame, amma bai janye ba.

Yakubu ne ya fi ba da wahala. Da Gidaɗo ya haye ya gaya masa, sai ya ce hauka ce ta tsufa, ba ya karɓar abincin yaro. Suka wuni suna musu a ƙofar gida, har Gidaɗo ya ce in ya ƙi, to ya faɗa a gaban mutane cewa ba nono ɗaya suka sha ba. Nan Yakubu ya haƙura. Ranar kasuwa ya zo da sandarsa, aka taka iyakar fadamar a gaban dagaci da shaidu, aka yi addu'a. Zaharaddeen, a matsayinsa na magatakarda, shi ya rubuta sunan Yakubu a cikin waɗanda suka kafa ƙungiya. Ya rubuta da kyau, ya rufe biro, ya tafi gida ta wata hanyar. Tun ranar yake gaida mahaifinsa a tsaye, kuma ya daina cin tuwon dare tare da shi.

Takardar rajista ta fito bayan damina, inji ya biyo baya. Da yamma, bayan an gama kallon takardar, Yakubu ya ja Gidaɗo gefe ya ce buƙata ta biya, ya karɓi gonarsa ya ba yaro.

“Ran da ka maido ta, ran nan ni zama maƙaryaci gaban yarinyar can ta ohis,” in ji Gidaɗo, “kai kuma ka koma baƙo cikin abin da ka kahwa. Kyauta na yi, ba aro ba. In kana son yaron shi noma, ka ɗauke shi da kanka, ku yi sharaɗinku, babu ruwana.”

An yi shawara a fara gwada injin a fadamar Yakubu, da yake ita ta fi kusa da ruwa. Zaharaddeen ne ya ɗauko shi a kan babur, ya haɗa tiyo, ya ja igiya, bai dubi inda mahaifinsa yake ba. Ruwa ya ɓulɓulo ya bi kwalbatin da Gidaɗo ya haƙa da hannunsa, ya shiga fangalin albasa ɗaya bayan ɗaya. Duk 'yan ƙungiya suna ciki suna murna, har da masu ƙunƙunin da.

Shugaban ƙungiya kuwa, wanda yanzu ba shi da ko taku ɗaya a bakin ruwa, yana tsaye a wajen iyaka. Zuciyarsa ta yi masa nauyi ƙwarai, don yana son gonar nan, yana kuma son ɗansa. Wani ya kira shi ya shigo ya ga yadda ruwan ke gudu. Ya tuɓe takalmansa a kan iyakar, ya gyara hula, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Salamu alaikum, mai gona. A shigo?”

Yakubu ya daɗe yana kallonsa. Gidaɗo bai ɗaga ƙafa ba sai da ya ji an amsa.