Jan Zaren Baba Mai Faci

Kullum da sassafe, kafin masu shaguna su gama share ƙofa, Baba Mai Faci ya riga ya tsuguna gaban sikelin masu sayen tsohuwar takarda. Hannu yake zurawa cikin buhu, ya lalubo, ya shinshina, ya ware. Abin da wasu za su yage su naɗe ƙusa da sabulu, shi yake runguma zuwa rumfarsa, inda allura da gam da ƙullin jan zare ke jiransa cikin gwangwani.

Shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki, kuma littafi ɗaya ne ya fi ba shi wahala. Na wani tsohon mai ɗaukar hoto ne da ya rasu tun kakanninmu na yara. Mutumin bai ɗauki manya ba, bai ɗauki gidaje ba. Ganye ya kusanta har jijiyoyinsa suka fito ɗaya-ɗaya, da ƙaya, da kwasfar iri, da tohon da bai gama buɗewa ba, duk a baƙi da fari. A babban kanti, littafin na cikin gilashi, kuɗinsa ya fi hayar ɗaki ta wata uku. A rumfar Baba kuwa, kuɗin takalmin roba ne. Kwafi uku yake haɗawa ya fitar da ɗaya: wanda ruwa ya jiƙa, da wanda gara ta ci, da wanda yara suka yaga.

Su wa ke saya? Mai walda na bakin titi, da mata masu ɗinkin ado, da irinmu da karatu bai yi nisa ba. Hoto ba ya tambayar ajin da mutum ya tsaya.

Da jan zare yake ɗinki, da gangan. "Ba na ɓoye faci," in ji shi. "Wanda ya saya ya san abin da ya saya."

Sai dai kowane kwafi ya zo hannunsa, babu shafi na arba'in da ɗaya. Shi ne mafi kyau, wani toho da ya naɗe kansa kamar kan sanda, don haka mutane ke yanke shi su liƙa a bango. Baba ya nema har gashinsa ya yi fari. Bara ya je sayen ƙusa, mai shago ya naɗe masa a takarda, yana warwarewa sai ga tohon, da tabon tsatsa a gefe. Ya ruga gida ya ɗauki dutsen guga.

Matarsa ta riƙe haɓa. "Malam, tunda na aure ka ban ga ka goge rigarka ba. Yau takarda ce ta ci gata?"

Labari ya kai kunnen mai babban kanti cewa an samu cikakken kwafi. A lokacin yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, likita ya ce sai an yi aiki. Mai kanti ya zo har rumfa, ya juya littafin da ɗan yatsa biyu.

"Baba, ka warware wannan jan zaren, ka sa fari, kada kowa ya gane an taɓa shi. Ni kuma aikin idonka a kaina."

Matar Baba na zaune a baya, ta yi tarin da ba na mura ba. Baba ya ji ta. Ya san kuma idon nan ba zai jira shi ba.

"Ranka ya daɗe, wa zai buɗe shi?"

"Buɗewa? Irin wannan ai ajiyewa ake yi."

"To ka ga abu biyu ke nan. In yi ƙarya da allurata, sannan a kulle littafin. Na tsince shi a bola don a gani, ba don a mayar da shi wata bolar mai gilashi ba."

"Tsoho, taurin kai zai makantar da kai."

"Idona ya ga shafin. Saura na mutane."

Matarsa ta yi kwana uku ba ta kula shi ba. A rana ta huɗu ita ce ta zura masa jan zare a allura, don shi ba ya ganin kafar. Mai walda da matan ɗinki suka haɗa hannu suka sayi littafin a kuɗin da aka saba. Yau yana yawo daga bencin walda zuwa keken ɗinki, gefensa ya yi baƙi da shatin yatsu.

Baba, kai ne ka ƙi yarda kyau ya zama na masu hali kaɗai. Kai ne ka ce wa mai kuɗi a'a alhali kana bukata. Ba a ba ka lambar yabo ba, to kada a ba ka. Ganyenka na kan ƙofofi da wuyan riguna, masu su ba su ma sani ba.

Watan jiya ya rufe rumfa, ido ya ƙi. Mai walda ya kawo masa kujerar ƙarfe da ya ƙera, ya ce, "Baba, taɓa bayanta." Baba ya bi ƙarfen da yatsa, a hankali, har inda ya naɗe.

"Arba'in da ɗaya ne," ya ce. "Amma ka lanƙwasa shi da yawa, ɗan nan. Koma ka duba littafin."

Mun gode, Baba. Allah ya buɗe idon nan, ya saka maka da alheri. Ku kuma masu shaguna, kafin ku yage takarda ku naɗe ƙusa, ku juya ta ku duba. In kun ga ganye, ku ajiye. Allurar tana hannun matarsa yanzu, kuma ta ce jan zaren bai ƙare ba.